Yaran Da Hannunsu Ke Magana

Karatu: Markus 7:31-37, Ezekiel 3:24 zuwa 4:3, I Samu'ila 16:14-23.

Darasinmu na wannan wata a kan waɗansu 'ya'yanmu ne waɗanda ba a cika ganinsu a masujada ba. Suna nan a ƙauyukanmu na ƙasar Badafi, suna nan a sauran garuruwan Kiru da Bebeji har zuwa Tudun Wada da Doguwa, amma ran Lahadi a gida a kan bar su. Ga yaro ya kai shekara biyar ba ya magana, ko kuwa abin da ka faɗa shi ya ke maimaita maka. Ka kira sunansa ba ya waiwaya, amma ya ji ƙarar babur tun daga nesa. Ya kan wuni yana jera totuwar masara a layi, in ka taɓa guda sai kuka ya tashi. In aka buga ganga ya toshe kunnuwansa. Ga wani kuma ba ya iya zama wuri ɗaya ko da na minti biyu. Ga wata yarinya mai kaifin baki, amma ta shekara uku a makaranta baƙaƙe sun ƙi zama a kanta.

Mutane suna da sunaye da yawa domin irin yaran nan, ba kuwa mai daɗin ji a ciki: gaɓo, dolo, taɓaɓɓe, ɗan ruwa. A rediyo mu kan ji ana cewa galahanga, amma kalman nan an mai da ita buhu, ana zuba kowane irin hali a ciki. Likitoci sun rarrabe su. Halin yaro na fari da na kwatanta shi ne su ke kira otizim. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, shi ya bayyana shi a rubuce a 1943, bayan da ya lura da yara goma sha ɗaya, maza takwas mata uku. Masu bincike sun kiyasta a duniya kamar yaro ɗaya cikin ɗari yana da shi, an fi samunsa kuma ga maza. Da shi a kan haifi yaro, gado kuwa yana da babban hannu a ciki. Ba laifin uwa ba ne. Da fari waɗansu masana a Turai da Amurka sun ɗora wa uwaye laifi, wai ba su nuna wa jaririnsu ƙauna ba. Bincike ya rushe wannan magana sarai. Ba kuma allurar rigakafi ke kawo shi ba. Likitan Ingila da ya baza wannan zance a 1998 an soke rubutunsa a 2010, aka kuma hana shi aikin likita. Na faɗi wannan domin a ƙasarmu ta Kano jita-jita a kan rigakafi ta taɓa jawo mana babbar hasara.

Dabam da waɗannan akwai yaran da ciwo ya taɓa ƙwaƙwalwarsu ko kunnensu: wahalar haihuwa, shawarar jarirai, zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai, da sanƙarau. Manya ba su manta da sanƙarau na 1996 ba, wanda ya kashe dubbai a arewa, ya bar waɗansu kurame. Saboda haka abin fari da za a yi wa yaron da ba ya magana shi ne a kai shi a auna jinsa.

YADDA UBANGIJI YA YI DA KURMAN NAN

Bari mu buɗe Markus sura 7. Aka kawo wa Yesu wani kurma wanda maganarsa ba ta fita sosai. Mu kan yi gaggawa zuwa ƙarshen labarin, inda kunnuwansa suka buɗe. Amma ku dakata ku duba abin da ya faru kafin wannan, gama a nan darasinmu ya ke.

Da fari Ubangiji ya janye shi daga cikin taro, su kaɗai. Bai mai da shi abin kallo ba. Sa'an nan ya sa yatsunsa cikin kunnuwan mutumin, ya taɓa harshensa, ya ɗaga ido sama. Don me duk wannan? Wanda ya warkar da bawan jarumi daga nesa da magana kaɗai, ashe yana bukatar yatsa? Ba ya bukata. Mutumin ne ke bukata. Da a ce Yesu ya tsaya ya yi masa dogon bayani da baki, da ba abin da zai shiga. Sai ya yi masa magana da yaren da ya ke ganewa, watau taɓawa da gani. Yatsa a kunne: nan zan gyara. Taɓa harshe: da nan kuma. Duban sama: daga can taimako ke zuwa. Kalma ɗaya tak ya furta da bakinsa.

Mu fa yaya mu ke yi? Mu kan kawo yaro tsakiyar taro, mu kewaye shi, mu ƙure lasifika, mutum goma suna ihu a kansa gaba ɗaya. Yaron da ƙarar cokali a kwano ke damunsa, yaya zai ji? Sai ya faɗi yana birgima, yana cizon hannunsa. Mu kuwa mu ce, "Kun gani, aljanin ya motsa." Ba na musun cewa akwai miyagun ruhohi, Littafi Mai Tsarki ya faɗa. Amma Markus da kansa ya rarrabe. A sura 9 ya yi zancen yaro mai ruhu, a labarin kurman nan na sura 7 kuwa bai ambaci ruhu ba ko kaɗan. In mai bishara ya san bambanci, ya wajaba dattawan ekklesiya su koyi bambancewa. A 2019 aka yi ta buɗe gidaje a Kaduna da Katsina da Kano inda aka tarar da mutane ɗaure da mari. A shekaran nan kuma wata ƙungiyar kare hakkin ɗan Adam ta ba da rahoto cewa ana ɗaure masu irin wannan lalura a wurare da yawa a Nijeriya, har da gidajen addu'a na Krista. Kada mu nuna wa maƙwabci yatsa.

Sai Ezekiel. A ƙarshen sura 3 Allah ya gaya wa annabin zai liƙe harshensa, ya zama bebe na wani lokaci. Ku duba abin da ya biyo baya nan da nan a farkon sura 4. Allah ya umurce shi ya ɗauki tubali ya zana birnin Urushalima a kai, ya gina 'yan sansani kewaye da shi, ya kafa farantin ƙarfe kamar garu. Watau annabin da aka rufe bakinsa, da zane da gini na wasa ya yi wa'azi. Haka Zakariya uban Yohanna, sa'ad da ya bebance, allo ya roƙa. In Allah bai rena zane a kan tubali ba, ina dalilin da za mu tsawata wa yaro mu ce yana ɓata lokaci da wasan ƙasa?

ABIN DA AKA GANO A WAƊANSU ƘASASHE

Wani mai zane a Ingila, Adrian Hill, ya kamu da tarin fuka, ya daɗe kwance a asibiti. Ya ga zane yana rage masa baƙin ciki, ya shiga koya wa 'yan'uwansa majinyata. A 1942 ya raɗa wa aikin suna, watau jiyya ta hanyar zane. A ƙasarmu ma an gwada. A farkon shekarun 1950 wani Bajamushe mai suna Ulli Beier ya riƙa kai takarda da fenti gidan masu taɓin hankali na Lantoro a Abeokuta, waɗansu mutanen da aka yanke ƙauna daga gare su suka yi zane-zane masu ban mamaki, har aka tara su cikin littafi a 1982. A Abeokuta ɗin nan kuma, a 1954, Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro. Maimakon a kulle majinyaci, sai a saukar da shi a gidajen ƙauye tare da wani danginsa, da rana ya je asibiti. Waɗannan manya ne masu ciwon hankali, halinsu dabam ne da na yaranmu. Amma abin da aka koya ɗaya ne, mutum ya fi samun sauƙi in yana cikin mutane, hannunsa kuma yana aiki.

Wanda ya fi kusa da batunmu shi ne aikin mutum biyu, Paul Nordoff, makaɗi daga Amurka, da Clive Robbins, malamin yara. Sun fara aiki tare a 1959 a wani gidan yara masu lalura a Ingila. Ga dabararsu. Su kan ba yaro ganga ya buga yadda ya ga dama. Makaɗin ba ya cewa, "Bi ni." Shi ne ke bin yaron. In yaron ya buga da sauri ya yi sauri, in ya tsaya ya tsaya. Wata rana sai yaron ya lura wani yana amsa masa. Ya buga sau biyu ya jira, a amsa masa sau biyu. To, wannan fa taɗi ne, ko da ya ke ba kalma a ciki. Matanmu da ke lugude a turmi, ko masu waƙar daɓe da masu amshi, ba sai an yi musu dogon bayani ba: wannan ta ba da, waccan ta karɓa. Abin da ya fi yi wa yaro mai otizim wuya ke nan, ba da karɓa tsakaninsa da wani, kiɗa kuwa ƙofa ce mai sauƙin shiga.

Akwai labarin da na fi so, domin na manoma ne. Yaro na fari cikin goma sha ɗayan Kanner sunansa Donald Triplett. Tun yana shekara biyu ya haddace Zabura ta 23, amma ba ya iya amsa tambaya mai sauƙi. Ba abin da ya ke so sai ƙirge da awo. Aka kai shi zama wurin wani manomi da matarsa har wajen shekara huɗu. Manomin bai yi ƙoƙarin raba shi da ƙirge ba. Ya ce masa ya ƙirga kunyoyin masara, amma yana ƙirgawa yana nomewa. Ya sa shi haƙa rijiya yana auna zurfinta. Donald ya girma ya yi karatu, ya yi aiki a banki a garinsu shekaru da yawa, mutanen garin suna tsare shi kamar nasu, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Manomin nan bai shiga makarantar likita ba. Ya lura da abin da yaron ke so, ya ɗaura aiki a kai.

Waɗansu kuma baiwar zane ce Allah ya ba su. An haifi Stephen Wiltshire a Landan a 1974, iyayensa baƙar fata ne daga tsibiran Karebiyan. Har ya kai shekara biyar ba ya magana, sai zane. Kalmarsa ta fari ita ce takarda, domin ita ya ke roƙo. Bai iya magana sosai ba sai yana shekara tara. Da ya girma a kan zaga da shi bisa babban birni cikin jirgi mai saukar ungulu, ya sauko ya zana birnin da ka. A nan gida, ran 2 ga Afrilu 2025, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin tunawa da masu otizim, aka baje zanen wani saurayi mai shekara 15, Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke, a dandalin Eagle Square a Abuja. Girman yadin ya wuce murabba'in mita 12,000, watau ya fi gonar hekta guda.

Amma ina jan kunnen iyaye. Irin waɗannan kaɗan ne ƙwarai. Kada uba ya karanta labarin nan ya sayo fensir ya tsare ɗansa yana jiran arziki. Yawancin yaranmu ba za su zana kome da za a sayar ba. Amfanin aikin ba a takarda ya ke ba, a jikin yaron ya ke.

DAWUDA DA SHAWULU

Na san abin da ke zuciyar waɗansu tsofaffinmu. Da yawa cikinmu daga gidajen Maguzawa muka fito. Kakanninmu sun san garaya da caki a wurin bori, inda kowane iska ke da nasa kiɗa, in an kaɗa ya hau. Wanda ya ƙone tsumburburansa ya bi Yesu, in ya ji an ce za a yi wa marar lafiya kiɗa, dole gabansa ya faɗi. Wannan tsoro ba abin ba'a ba ne. Amma ku duba I Samu'ila 16. Abin da Dawuda ya kaɗa wa Sarki Shawulu abin kiɗa ne mai tsirkiya, dangin molo da garaya. Bai kira wani iska ba, bai yi yanka ba, bai yi girka ba. Ya kaɗa, sarki ya sami sauƙi. Ƙwarya da fata da tsirkiya ba su da addini. Abin tambaya shi ne wa a ke kira da su, don me kuma. Mai bori yana kiɗa domin wani ya sauko ya hau mutum, hankalin mutumin ya gushe. Mu muna kiɗa domin yaron ya natsu ya dubi fuskar uwarsa. In duk da haka garaya tana sa wani ɗan'uwa tuntuɓe, a bar ta. Tulun Zumuntar Mata ya isa, tafi ma ya isa.

Akwai abu na biyu cikin labarin Shawulu wanda ba a cika wa'azi a kai ba. Sauƙi ya samu, bai warke ba. A sura 18, da kuma sura 19, Dawuda yana cikin kiɗan nan sarki ya jefe shi da mashi. Haka masu bincike suka tarar. A 2017 aka buga sakamakon wani babban gwaji da aka yi da yara 364 a ƙasashe tara. Bayan wata biyar, yaran da aka yi wa jiyyar kiɗa ba su fi sauran raguwar alamun otizim ba bisa ga ma'aunin likitoci. A 2022 waɗansu masana suka tattara gwaje-gwaje 26 suka duba gaba ɗaya, suka ga alamar cewa kiɗa yana kyautata zaman yaran da jin daɗin rayuwarsu, ba ya kuma cutarwa. To, gaskiyar ke nan tsakani: taimako ne, ba magani ba. Duk wanda ya ce muku zai raba yaro da otizim da kiɗa, ko da rubutu, ko da mai, ko da wani garin magani mai tsada, kuɗin takinku ya ke so.

Mu kuma ba likitoci ba ne. Akwai waɗanda suka yi shekaru suna koyon wannan aiki, abin da za mu yi a gindin mangwaro bai kai nasu ba. Yaron da ke faɗuwa yana sanƙamewa, farfaɗiya ce, tana kuwa yawan haɗuwa da otizim. Tana da magani a asibiti, zane ba ya tsai da ita. A kai shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko asibitin Dawanau, ko na Shika a Zariya. Daga Kwanar Ɗangora ko ta wace fuska mota ba ta wuya. In kuɗin mota ya gagari iyaye, wannan aikin baikon ekklesiya ne.

YADDA ZA A FARA

Ba a bukatar kayan kanti. Yumɓu yana bakin rafi, gawayi yana murhu, ga farar ƙasa da jar ƙasa, ga karan dawa da samari ke yin mota da shi, ga kaba, ga rama, ga fasasshiyar ƙwarya, ga buhun siminti da za a yi zane a bayansa. Sai dai a lura da abu biyu, domin yaran nan su kan sa abu a baki. Kada a ɗebo ƙasa daga ramukan haƙar ma'adinai, irin na wajen Riruwai. Mun ji yadda dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010. Kada kuma a fasa batir domin a sami baƙi.

A zaɓi wuri marar hayaniya, nesa da lasifika da injin niƙa. A riƙe rana ɗaya, lokaci ɗaya, tabarma ɗaya, waƙar buɗewa ɗaya. Mu abin nan zai gundure mu, amma su a cikinsa hankalinsu ke kwanciya, gama abin da ba su sani zai zo ba shi ke firgita su. Rubu'in sa'a ya isa da fari. Yaro ɗaya ko biyu, ba aji guda ba. Kullum manya biyu su kasance, ɗaya uwar yaron ko wata mace amintacciya. Wannan doka ce, ba shawara ba. Yarinyar da ba ta iya ba da labari ita mugaye ke nema, kada kuwa ekklesiya ta zama wurin da za a same ta ita kaɗai.

Sa'an nan mai koyarwa ya zauna gefen yaron, ba gabansa ba, ya ajiye curin yumɓu, ya kama bakinsa. A nan malaman Makarantar Lahadi za su sha wuya, domin mun saba da yawan magana. Kada ka ce, "Dube ni." Kada ka kama hannunsa ka tilasta. In ya mulmula dunƙule, kai ma mulmula dunƙule ka ajiye kusa da nasa. In ya jera goma, ka ƙara na goma sha ɗaya ka gani ko zai yarda. Watakila ya ture naka. Ba kome, ya san kana nan ke nan. Wata rana zai miƙo hannu domin ka ba shi. Wani yaro ba ya jimre taɓa abu mai danshi; a ba shi tsinke ya yi zane a rairayi. In ya zana saniya mai ƙafa shida, kada ka gyara. In wata uku yana zana mota ɗaya, bar shi, sai dai ka zana mata hanya, ko ka sa mutum a ciki ka ce, "Baba." Kada kuma wani ya ɗauki zanen ya shiga fassara kamar mai duba, wai baƙin launi alamar aljani ne. Gawayi muka ba shi, dole ya yi baƙi.

Da waƙa akwai dabara mai sauƙi. A zaɓi gajeriyar waƙa da yaron ya saba ji, a rera ta kullum. Bayan kwanaki, in an kai kalmar ƙarshe, a tsaya a jira. Shirun nan ya kan ja yaro ya cika gurbin, ko da ƙara, ko da tafi, wani lokaci da kalmar kanta. Kun san masu in'ina da yawa in suna waƙa ba su sarƙewa. Yaron da ba ya zama wuri ɗaya kuwa, kada a yi ta dukansa ya zauna; a ba shi ganga ko a sa shi taka rawa da ƙirge, a tsaya in kiɗa ya tsaya, a tashi in ya tashi. Ta haka ya ke koyon jira. Mai wahalar karatu a sa ta gina baƙaƙe da yumɓu, ta bi su da yatsa tana furta su.

Zane yana da wani amfani kuma wanda ya fi duka gaggawa. Yawancin kukan yaran nan da dukan kai da bango, rashin hanyar faɗin bukata ne. Ka tuna yadda ka kan ji a garin da ba ka jin yarensu, ƙishi yana damunka. A sami 'yan gutattarin kwali a zana moɗa, da kwanon tuwo, da masai, da tabarma. Duk sa'ad da za a ba shi ruwa, a sa ya miƙa hoton moɗa tukuna, a faɗi kalmar, a ba shi nan da nan. A Amurka aka tsara wannan hanya a 1985. Iyaye su kan ji tsoro wai in ya saba da hoto ba zai yi magana ba; bincike bai nuna haka ba, ga waɗansu ma hoton ne ke jawo kalma.

Uwa ita ce babbar malama cikin wannan aiki, gama kowa ya sani uwar bebe ita ke gane maganarsa. A tambaye ta abin da ya ke so da abin da ke firgita shi. Matan nan suna ɗauke da kaya mai nauyi. Dangin miji su kan ce daga gidansu ta kawo, waɗansu har an kore su. Almajirai ma sun yi irin tambayan nan a Yohanna 9, ko laifin wane ne, Ubangiji kuwa ya kawar da laifi daga makahon da iyayensa duka. Maza, ku tsaya wa matanku. Hannunka ba ya ruɓa ka yanke ka yar. Zumuntar Mata kuma su riƙa karɓar yaron ko da wuni guda a mako domin uwar ta je kasuwa ko gona.

Wani abu da ya shafe mu musamman: yara masu otizim su kan sulale su fita ba a sani ba, ruwa kuwa yana jan su ƙwarai, nutsewa tana cikin manyan abubuwan da ke kashe su. Mu da ke kusa da madatsar Tiga da rafuka da kududdufai, da damina sai a ninka tsaro, a rufe bakin rijiya, a sanar da maƙwabta su san yaron. Tsaro ke nan, ba ɗauri da igiya a turke ba.

Yaro ba ya dawwama yaro. Abin da ya fara kamar wasa, a juya shi sannu-sannu ya zama sana'a: tufkar igiya, saƙar faifai da tabarma, ɗinkin hula, gyaran wake. Aikin da ke gajiyar da mu saboda maimaici, da yawansu shi su ke so, su kan kuwa yi shi da kyau. A cikin sujada ma a ba su rabo. Wanda ya iya riƙe caki ya tsaya tare da mawaƙa. Wanda ƙara ke damunsa a shimfiɗa masa tabarma bakin ƙofa da kwalinsa da gawayinsa, kada mai tsaron ƙofa ya kore shi. Bulus ya koya wa Korinthiyawa, a sura 12 ta wasiƙarsa ta fari, cewa gaɓoɓin da a ke gani raunana jiki ba ya iya rabuwa da su. Dokar ƙasa ma, wadda aka sa wa hannu a Janairu 2019, ta hana nuna wa masu nakasa bambanci.

Uba zai tambaye ka, "Pasto, yaushe zai yi magana?" Kada ka sa masa rana. Waɗansu su kan yi magana a makare, waɗansu ba su yi har tsufa. Abin da za ka yi shi ne ka ajiye ɗan littafi, kowane mako ka rubuta abin da ka gani: yau ya zauna minti biyar, yau ya miƙa hoton moɗa da kansa, yau ya amsa ganga sau uku. A rubuta kwanan wata a bayan kowane zane a adana. Bayan wata shida ku zauna da uban ku buɗe tare, ku kuma tafi da littafin in za a ga likita.

Kafin fitowar wata mai zuwa, dattawan kowace ekklesiya su zaga gida gida su rubuta yaran da a ke bari a gida ran Lahadi, da shekarunsu, da ko an taɓa auna jinsu. In maƙwabcinku Musulmi ko Bamaguje yana da irin yaron nan yana kuma so, a karɓe shi. A zaɓi mata biyu masu haƙuri, a aiki samari su ɗebo yumɓu tun rafi bai cika ba.